Tarayya a Jirgin Su: A Gama Magana Tun a Tudu

Mutum huɗu su kan shiga jirgi ɗaya da asuba suna 'yan'uwa, su fito da yamma ba sa ga maciji da juna. Ba hadari ne ya raba su ba, ba kuwa kada ba. Rabon kifi ne. Wannan ya ce shi ya sayi mai. Wancan ya ce kallinsa ne ya kama. Na uku ya ce shi ya wuni yana tuƙi har hannunsa ya yi kanta. Kowannensu kuwa yana da gaskiyarsa. Abin da ya ɓata su guda ɗaya ne: ba su yi maganar rabo ba sai da kifi ya zo gabansu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, haka kuma ba a yanka dokar rabo ranar rabo. Wannan darasi zai nuna mana yadda abokan su za su raba kuɗin tafiya, da yadda za su raba abin da aka samu, da irin ladabin da ya kamata a cikin jirgi.

KOGINMU DA YADDA YA SĀKE

Mu mutanen Achika, da maƙwabtanmu na Darki da Indabo da Utai da Lajawa, duk a ƙasar Wudil mu ke. Babban ruwanmu shi ne kogin Wudil. Kogin Kano da kogin Challawa ne su ka haɗu kafin su iso Wudil. Daga nan ruwan ya bi ta Ringim da Haɗeja, ya haɗu da kogin Jama'are, ya wuce Gashuwa, ya nufi Tafkin Cadi.

A da, kogin ya kan cika ya batse da damina, ya malala cikin fadamu. A cikin ruwan nan da ya malala ne kifi ya ke hayayyafa. Da rani kuwa sai ruwa ya janye, ya bar rairayi da gurabe. Sai Sarkin Ruwa ya sa rana, jama'a su fito da koma da gora. Irin wannan su ba ya cin kuɗi. Mutum da komarsa, abin da ya kama nasa ne.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Challawa, wajen Ƙaraye. Tun daga nan ba damina kaɗai ke iko da kogin ba. Ana sako ruwa har da rani, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a ƙasar Haɗeja. A bayan madatsun nan kuwa an sami manyan tafkuna masu zurfi, waɗanda ba a shiga su da ƙafa. Sai da jirgi, da kalli ko taru, da guzurin kwanaki.

Ka ga ke nan su ya zama sana'a mai cin jari. Mutum ɗaya ba safai ya ke mallakar jirgi da raga da kuɗin tafiya gaba ɗaya ba. Ko da ya mallaka, ba ya iya tuƙi da jan raga a lokaci guda. Dole sai da abokan tarayya. Ga kuma tsadar mai. A ranar 29 ga Mayu, 1973 ba a san wannan damuwa ba, gama a shekarar nan ne ma aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, mai kuwa yana da araha. Amma a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta ce ta janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu. Abin da a da mai jirgi ya kan ce "a bar shi, ba kome", yanzu ba ya baruwa.

ABIN DA KOWA YA KAWO

Kafin a yi maganar abin da kowa zai ɗauka, sai a fara duba abin da kowa ya kawo. Abu huɗu ne.

Na ɗaya, jirgi. Jirgi yana tsufa, katakonsa yana ruɓewa, yana bukatar liƙi da kwalta. In da inji, injin ma yana lalacewa.

Na biyu, kayan su: kalli, ko taru, ko birgi, ko mamari, da igiya, da dalma. Raga ba ta daɗewa kamar jirgi. Kurungu ya kan yaga ta da ƙayarsa, kututture a ƙarƙashin ruwa ya kan kece ta.

Na uku, ƙarfin jiki da gwaninta: tuƙi, da zuba raga, da ja, da cire kifi, da sanin makwancin kifi.

Na huɗu, kuɗin tafiya, watau abin da a ke kashewa ya ƙare a tafiya ɗaya.

Uku na farko su ke da kaso a cikin riba. Na huɗu ba shi da kaso. Bashi ne a kan tafiya, ana mayar wa mai shi da abinsa daidai, ba daɗi ba ragi. Wanda ya gane wannan bambanci ya gane rabin darasin nan.

Ba mu kaɗai mu ke rabo irin wannan ba. Masuntan Fante na bakin teku a ƙasar Gana su ma su kan ware wa jirgi kasonsa, da raga, da inji, sa'an nan ma'aikata su raba nasu. A ƙasar Amurka kuma, wajen shekarun 1800, akwai jiragen da ke tashi daga garin New Bedford don farautar wata ƙatuwar dabbar teku wadda a ke samun mai a jikinta. Su kan yi shekara uku ko huɗu ba su dawo ba. Ba a biyan ma'aikatansu albashi, sai kaso. Amma tun jirgi bai bar gaɓa ba a ke rubuta kason kowa a takarda, kowa ya sa hannu.

A FARA FID DA KUƊIN TAFIYA

Ga doka ta farko: ba a raba kuɗin kifi sai an fid da kuɗin tafiya.

Bari mu yi misali. Kuɗin da za mu ambata na koyon lissafi ne kawai, ku sa naku a gurbinsu. A ce mutum huɗu sun tafi su na kwana uku a Tiga. Ɗaya shi ke da jirgi, ɗaya shi ke da kalli, biyu kuwa ƙarfinsu su ka kawo. Dukansu huɗu suna aiki. Ga abin da aka kashe:

Man fetur, naira 12,000
Motar kai kaya da dawowa, naira 8,000
Abinci, naira 9,000
Itacen banda, naira 4,000
Kuɗin izinin shiga ruwa, naira 3,000
Jimla, naira 36,000

Mai jirgi ne ya biya mai da mota, watau naira 20,000. Mai kalli ya biya abinci da itace, naira 13,000. Na uku ya biya kuɗin izini, naira 3,000. Na huɗu ba shi da ko kwabo ranar tashi, bai ba da kome ba.

Da su ka dawo, su ka kai kifi kasuwar Wudil ranar Juma'a, aka saya naira 120,000. Sai a fara mayar wa kowa abin da ya kashe. Naira 120,000 a ɗebe naira 36,000, saura naira 84,000. Wannan ita ce riba. Ita za a raba.

Tun a tudu sun shirya a kan kaso bakwai: jirgi kaso ɗaya, kalli kaso ɗaya, mutum huɗu kaso huɗu, asusun gyara kaso ɗaya. Naira 84,000 a raba gida bakwai, kowane kaso naira 12,000 ke nan.

Mai jirgi: kasonsa da na jirgi, naira 24,000
Mai kalli: kasonsa da na kalli, naira 24,000
Na uku, naira 12,000
Na huɗu, naira 12,000
Asusu, naira 12,000

To, ku lura da wani abu. Mai jirgi zai tashi da naira 44,000 a aljihunsa, na huɗu kuwa da naira 12,000. Wanda ya tsaya daga nesa sai ya ce an yi zalunci. Amma naira 20,000 daga cikin kuɗin nan nasa ne da ya fitar tun farko, naira 12,000 kuma na jirgi ne. Ladan aikinsa naira 12,000 ne, daidai da na ƙaraminsu. In an rubuta, kowa zai gani da idonsa. In ba a rubuta ba, sai zato ya shiga, sai gunaguni a zaure.

Wannan kaso bakwai ba tilas ba ne. Wasu su kan ba mai kaya rabi, ma'aikata su raba rabi. Wasu su kan ba inji kasonsa dabam. In jirgin filafili ne, ba maganar mai, amma matuƙi ya fi shan wuya, sai a duba masa. Yaro mai koyon aiki a kan yanka masa rabin kaso. Kowace hanya ku ka zaɓa ta yi, muddin kowa ya ji ta da kunnensa, ya yarda, tun jirgi yana ɗaure.

RANAR DA BA A SAMU BA

Su sa'a ne. Yau a samu, gobe a rasa. Mutane su kan shirya rabon riba, su manta da rabon hasara. Ranar hasara kuwa ita ce ranar da a ke sanin abokin ƙwarai.

A ce tafiyar nan ba ta yi kyau ba, an sayar da kifi naira 30,000 kacal. Kuɗin tafiya naira 36,000 ne. Akwai giɓin naira 6,000. Wa zai cika?

In akwai kuɗi a asusu, sai a cika daga ciki. Amfaninsa ke nan. In babu, sai a raba giɓin yadda da za a raba riba. Kaso shida ne na mutane da kaya, kowane kaso naira 1,000. Mai jirgi ya ɗauki naira 2,000, mai kalli naira 2,000, sauran biyu naira 1,000 kowannensu. Wanda ke cin kaso biyu ranar samu, shi ke ɗaukar kaso biyu ranar rashi. Malaman fiƙihu na Malikiyya haka su ke karantarwa a babin tarayya, cewa riba da hasara su bi gwargwadon abin da kowa ya zuba. Wanda ke son ƙarin bayani sai ya tambayi malamin unguwarsu.

Wanda ba shi da abin biya a ranar, a rubuta masa, a cire a tafiya ta gaba. Kada a tona masa asiri a gaban mutane. Kada kuma shi ya yi kamar ya manta.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata a yanke tun da wuri.

Ɓarna. In raga ta yage a cikin aiki, ko jirgi ya bugi kututture ba da gangancin kowa ba, asusu ne zai gyara. Amma in mutum ya ƙi ɗaure jirgi da kyau har ruwa ya tafi da shi, ko ya bar raga kusa da wuta ta ƙone, wannan sakaci ne, shi zai biya.

Rashin lafiya. In zazzaɓi ya kama ɗayanku a tsakiyar tafiya, ko ƙayar tarwaɗa ta soke shi har ya kasa aiki, kyakkyawan abu shi ne a ba shi kasonsa na wannan tafiya cif. Yau shi ne, gobe kai ne.

Bashin dillali. Wani ya kan karɓi kuɗi a hannun mai sayen kifi, a kan zai kawo masa kifi a farashi mai rahusa. In bashinsa ne shi kaɗai, to, kasonsa kaɗai ya shafa. Ba shi da ikon ya jinginar da kifin jama'a. In kuwa don tafiyar aka ciwo bashin, sai kowa ya sani, ya san nawa ne, ya san kuma farashin da aka yi alkawari.

KIFIN MIYA DA BABBAN KIFI

Kowane masunci yana son ya shiga gida da kifin miya. Wannan daidai ne. Amma a fitar da shi a fili, kafin a sayar. Kada wani ya tura tarwaɗa biyu cikin buhunsa ya ce ai ba kome ba ne. Ƙaramar ɓaraka ita ke nutsar da jirgi.

Yadda za a yi kuwa mun riga mun san shi daga watanda. Sai a kasa kifin kashi huɗu, a daidaita manya da ƙanana, ƙarfasa da kurungu da kawara. Kowa ya ba da ɗan tsinkensa. A kira yaron da bai san na kowa ba, ya ɗora tsinke a kan kowane kashi. Abin da tsinkenka ya hau shi ne rabonka. Ba wanda zai ce an zaɓar wa wani.

In Allah ya kawo babban kifi, giwan ruwa ko ramboshi, to, na jirgi ne duka, ba na hannun da ya ɗago shi ba. Da ba a tuƙa shi zuwa wurin ba, da bai kama ba. In jama'a sun ga dama su yi masa tukwici don ƙoƙarinsa, wannan alheri ne, amma ba haƙƙi ba ne.

Ku shirya kuma ko ɗanye za a sayar ko banda. Kifi in an yi bandarsa ya bushe, nauyinsa ya kan ragu fiye da rabi, amma ya kan daɗe bai ɓaci ba, ba a tilasta muku karyar da shi. Wanda ya yi aikin banda, ko ɗayanku ne ko wata daga cikin iyalinku, ladansa yana cikin kuɗin tafiya. Ranar ciniki kuwa kada mutum ɗaya ya tafi shi kaɗai. A tafi mutum biyu. Ba don ana zarginsa ba, sai don a kare shi daga zargi.

LADABIN JIRGI

Jirgi ƙaramin wuri ne, ƙarƙashinsa kuwa ruwa ne. Abin da za a yi haƙuri da shi a tudu, a jirgi yana iya cin rai. Ga abubuwan da abokin kirki ya ke kiyayewa.

Ya zo a kan lokaci. In an ce bayan sallar asuba, to, bayan sallar asuba. Kifin da ya kwana a kalli, in rana ta yi ba a cire shi ba, sai ya fara lalacewa. Mai makara jama'a duka ya jawo wa hasara. In uzuri ya same shi, ya aiko tun da dare.

Ya bi maganar matuƙi. A tudu kowa yana da bakin magana, amma a kan ruwa murya ɗaya a ke ji. Ko da matuƙin ƙanenka ne, in ya ce, "Yaya, koma tsakiya," sai ka koma. In kana da ja, ka bari sai an sauka. Shi kuma matuƙi ya san da wa ya ke magana. Dattijo a ce masa, "Baba, a ɗan matsa hagun," ba a daka masa tsawa.

Ya zauna inda aka sa shi. Ba a miƙewa tsaye farat ɗaya, ba a taruwa a gefe guda don kallon kifi. Mutum ɗaya ke shiga, ya zauna, sa'an nan na biyu ya shigo.

Ya yi kwarfar ruwa in layinsa ya zo. Ba aikin yaro kaɗai ba ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ruwan da ya kai cikin jarka mai lita 25, kamar an ƙara wa jirgi yaro guda ne.

Kada ya gayyato baƙo ba da sanin sauran ba. Baƙo yana cin guzuri, yana ƙara nauyi. Ku tuna kuma jirgin da ya tafi da sauƙi zai dawo da jiƙaƙƙiyar raga da kifi. A bar wa dawowa wuri.

Maganar nauyi ba wasa ba ce. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin fito ya kife a ruwan Watari, a ƙasar Ɓagwai, nan jihar Kano. Aƙalla mutum 29 su ka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Ba jirgin su ba ne, amma ruwa bai san bambanci ba. Saboda haka ku sayi rigar hana nutsewa daga kuɗin asusu, kowa da tasa, ku kuma sa ta. Gwanin iyo ma ya kan gaji, raga kuma ta kan naɗe ƙafa.

In hadari ya taso, ko iska ta fara tā da igiyar ruwa, mutum ɗaya ya ce a koma, to, a koma. Kada a yi masa dariya, kada a kira shi matsoraci. Ragar da aka bari ana iya komawa a ɗauko ta gobe.

Ya riƙe sirrin jirgi. Makwancin kifin da ku ka gano tare, ba ya kai wasu can a ɓoye. Abin da ɗan'uwansa ya faɗa masa da dare a bakin wuta, ba ya kai shi kasuwa.

LADABI DA WAƊANSU JIRAGE

Ba ku kaɗai ke kan ruwa ba. In kun je baƙon wuri, ku fara zuwa gaishe da Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin. Ku ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga ƙasar Wudil, mun zo neman abinci. Ina aka yarda a shiga, ina aka hana?" Abin da aka ce ku biya, ku biya, ku nemi takardar shaida, ku rubuta shi cikin kuɗin tafiya.

In an rufe wani ruwa, ku bar shi. Dubi Argungu. Sun hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa a ke samun manyan kifaye ranar da aka buɗe. Bikin nan tun 1934 a ke yinsa.

Kada ku ratsa kan kallin wani da inji. Kada ku zuba raga a bakin tasa. Kada ku ɗaga mamarin da ba naku ba, ko da kun ga kifi yana motsi a jiki. In kun ga jirgi cikin wahala, ku bar ragarku ku je. Hasarar da aka yi wajen ceton rai, a raba ta daidai, ba mai ƙorafi.

Abu na ƙarshe, ku yi alkawari tun a gida cewa ba guba a jirginku. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa, ta shekarar 1992, ta hana kama kifi da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki. Ta kuma hana raga mai ƙananan idanu wadda ke kwashe 'ya'yan kifi. Guba tana kashe babba da ƙarami, tana cutar wanda ya ci, da dabbar da ta sha ruwan. In ɗayanku ya zuba, aka kama, ba za a tambayi hannun wa ya zuba ba. Jirgin duka za a kama.

A RUBUTA

Yanzu mun zo inda karatunmu zai yi mana rana. Ku sayi ɗan littafin rubutu da fensir, ku sa a leda saboda ruwa. A shafin farko ku rubuta yarjejeniya. Ba sai da doguwar magana ba. Ga yadda za ta kasance:

"Yau ranar kaza ga watan kaza, mu huɗu da sunayenmu ke ƙasa mun yarda za mu yi su tare. Za a fid da kuɗin tafiya kafin rabo. Riba kaso bakwai ce: jirgi ɗaya, kalli ɗaya, asusu ɗaya, kowane mutum ɗaya. Hasara za ta bi kaso. Ɓarnar aiki ta asusu ce, ɓarnar sakaci ta mai ita ce. Kuɗin asusu yana hannun wane. Wanda zai fita ya faɗa kafin tafiya, a ba shi haƙƙinsa na asusu."

A karanta da ƙarfi kowa ya ji. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu. Wanda bai iya rubuta sunansa ba tukuna ya dangwala yatsa, amma ya yi himma a aji, don baɗi ya rubuta da kansa.

Kowace tafiya kuma ta sami shafinta. A dama a rubuta abin da aka kashe da sunan wanda ya biya. A hagun a rubuta abin da aka sayar. Mai riƙe littafi dabam, mai riƙe kuɗi dabam.

Wani zai ce, "Haba, ni da ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, sai mun yi takarda?" I, ku ne ma ku ka fi bukatarta. In ka ɓata da bare, kowa ya kama gabansa. In ka ɓata da ɗan'uwanka, gida ne ya rabu, har 'ya'yanku su gāji gabar. Takarda ba ta ce wani maƙaryaci ne ba. Cewa ta yi mutum mai mantuwa ne. Kifin tafiya ɗaya kwana kaɗan ne a ke cinye shi, amma abokin da za ka ba amanar ranka a tsakiyar ruwa, ba a kasuwa a ke sayensa ba.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne abokan su su ke kawowa? Wanne ne ba shi da kaso a riba?
2. Don me a ke fid da kuɗin tafiya kafin a yi rabo?
3. An sayar da kifi naira 99,000. Kuɗin tafiya naira 36,000. In kaso bakwai ne, nawa ne kaso ɗaya? Nawa mai kalli zai samu, ban da abin da ya kashe?
4. An sayar da kifi naira 24,000. Kuɗin tafiya naira 36,000, asusu kuwa ba kome. Nawa mai jirgi zai cika?
5. Rubuta yarjejeniyar tarayya a littafinka, ka sa sunanka a ƙasa, ka kawo wa malam ya duba.